Idan gwaji ya nuna kina ɗauke da BRCA: sa ido za ki yi ko tiyata?

Akwai gidajen da in aka zauna aka yi lissafi sai a ga kaka ciwon nono ne ya yi ajalinta, gwaggo ma haka, ga kuma wata yaya ko arba'in bata cika ba an cire mata nono ɗaya, wata kuma cikinta ne ya dinga kumbura har aka ce kansar ma'ajiyar ƙwai ce. A wajenmu da an ga haka sai a fara zancen sammu ko jifa, ko a ce gidan ne akwai abin da ke binsu. Tabbas akwai abin da ke binsu, amma a jini yake, kuma yana da suna, kuma ana iya gwada shi. Wannan rubutun na yi shi ne domin wacce ta riga ta yi gwajin ko take shirin yi, aka ce mata tana ɗauke da matsala a BRCA1 ko BRCA2, ita kuma lafiyarta ƙalau bata da ko ƙullutu, yanzu tana tsaka mai wuya, ta zauna ana sa mata ido ne ko ta bari a yi mata aiki tun ciwon bai zo ba.

Bari mu fara da menene shi kansa abin a gurguje. Kowa yana da BRCA1 da BRCA2, mace da namiji, ƙwayoyin gado ne da aikinsu gyara, kamar tela ne mai bi yana ɗinke duk inda ya yage a cikin DNA kafin yagar ta faɗaɗa. Kowanne guda biyu muke da shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. To wacce ta gaji ɗaya a lalace tun haihuwa da guda ɗaya take tafiya, ranar da shima ya samu matsala a wata tsoka ta nono ko ta ma'ajiyar ƙwai shikenan ba mai gyara, daga nan kansa ke samun ƙofa. Wata masaniya a Amurka, Mary-Claire King, ita ta fara nuna inda BRCA1 yake a 1990, aka ƙarasa gano shi a 1994, BRCA2 kuma a 1995 a Ingila. Kuma dan Allah kar a haɗa shi da sikila. A sikila sai AS ya haɗu da AS sannan a samu SS, nan kuwa mutum ɗaya ya isa, uwa ko uba, kuma kowane ɗa ko ƴa da aka haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Na ce ko uba da gangan, dan mutane dayawa ɓangaren uwa kawai suke dubawa, alhali namiji yana iya ɗauke da shi ya rayu lafiya ya miƙa wa ƴarsa, shiyasa ciwon gwaggo yake da muhimmanci daidai da na inna.

Wasu suna ganin ai wannan ciwon turawa ne tunda ta bakin Angelina Jolie duniya ta fi jinsa, lokacin da ta bayyana a 2013 cewa an cire mata nono biyu saboda BRCA1. Ba haka bane wallahi. An yi bincike a Ibadan wanda Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka fitar a 2018, sun gwada mata 1,136 masu kansar nono, sai aka samu kusan kashi 15 cikin ɗari suna ɗauke da wata matsalar gado, kashi 7 BRCA1, kashi 4 BRCA2, sauran kuma a wasu ƙwayoyin gadon irin su PALB2 da TP53. Wato kusan mace ɗaya cikin bakwai. Wannan adadin ya fi abin da aka saba gani a matan turawa masu ciwon, kuma ya dace da abin da likitocinmu suke gani kullum, mata masu ƙananan shekaru da ciwo mai saurin yaɗuwa.

Yanzu lissafin haɗarin, dan shi ne tushen duk shawarar. Babban binciken da aka fi dogara da shi ya fito a 2017, an bi mata kusan dubu goma masu ɗauke da shi. Zuwa shekara 80, cikin mata 100 masu BRCA1 kusan 72 za su samu kansar nono, 44 kuma ta ma'ajiyar ƙwai. Masu BRCA2 kuma 69 a nono, 17 a ma'ajiyar ƙwai. Ki kwatanta da sauran mata, a Amurka mace ɗaya ce cikin takwas take samun ta nono a tsawon rayuwarta, ta ma'ajiyar ƙwai kuwa bata fi ɗaya da ɗan wani abu cikin ɗari ba. Kinga tazarar ba ƙarama bace. Amma kuma ki lura 72 ba 100 bane, akwai mata kusan 28 da za su tsufa basu taɓa gani ba, kuma ba wani likita a duniya da zai iya gaya miki a wane layi kike. Nan wahalar take.

Abin da nafi so ki riƙe daga duk rubutun nan shi ne ba shawara ɗaya bace a gabanki, biyu ce. Ta nono daban, ta ma'ajiyar ƙwai daban, kuma amsarsu ba ɗaya bace ko kaɗan. Mutane suna tattara hankalinsu gaba ɗaya kan nono saboda shi ake gani shi ake jin tsoron rasawa, alhali wanda ya fi kisa a ɓoye shi ne na ciki.

Mu ɗauki nono tukunna. Sa ido ba wai ki dinga shafa nononki a banɗaki bane kawai, duk da shima ana so tun daga shekara 18. Tsarin da manyan ƙungiyoyin likitocin kansa suka ajiye shi ne daga shekara 25 likita ya dinga dubawa da hannu duk wata shida zuwa shekara, a dinga yin MRI na nono, wato hoton cikin nono da injin maganaɗisu, duk shekara daga 25, da an kai 30 a haɗa da mamogiram, wato hoton X-ray na nono, duk shekara har zuwa 75, wasu likitocin ma suna raba su, wannan yanzu wancan bayan wata shida. Me yasa dole sai MRI? Saboda nonon mace mai ƙuruciya a cike yake, mamogiram baya gani sosai a cikinsa. Wani bincike da aka yi a Birtaniya a 2005 ya nuna mamogiram shi kaɗai kashi 40 cikin ɗari na ciwukan ya kama, MRI ya kama 77, da aka haɗa su biyun 94. Kuma in aka bi shi da gaske yana aiki, wani bincike na 2024 ya nuna masu BRCA1 da suka shiga tsarin MRI mutuwarsu ta dalilin kansar nono ta ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari idan aka kwatanta da wanda basu shiga ba. Alfanunsa a fili yake, jikinki yana nan yadda Allah ya yi shi, za ki shayar da ƴaƴanki, kuma ƙofar tiyata bata rufe ba in kin canza ra'ayi gobe.

Amma fa sa ido baya hana ciwon zuwa, kama shi yake da wuri, kuma ko an kama shi ƙarami mai BRCA1 galibi irin nau'in nan take samu da baya jin maganin homon, wato maganin da ke tare sinadarin jikin mace da wasu kansar ke girma da shi, likitoci suna ce masa tiripul negatib, wanda kusan kullum sai an yi kemo. To kinga za ki iya bin tsarin shekara goma ba fashi kuma ƙarshe ki zauna a kujerar kemo ɗin dai, sai dai da kyakkyawan fatan warkewa. Ga kuma zullumi, duk shekara sai kin yi kwanakin jiran sakamako, MRI kuma yana da yawan nuna abin da ba komai ba, a kira ki a soka allura a ɗebi tsoka a ce ba kansa bace, haka za ki yi ta yi.

Sai kuma abin da ya shafe mu mu ɗinnan, wanda takardun ƙasashen waje basa kawo shi. MRI na nono ba kowane MRI bane, sai injin yana da wani abin ɗora nono na musamman, sai an yi allurar ruwan da ke haska hoton a jijiya, sai kuma an samu likitan hoto da ya saba karanta na nono. Ba kowane gari ake samun wannan ba, kuma daga aljihunki ne, duk shekara, shekara arba'in zuwa hamsin. Sannan ba'a yin wannan allurar ga mai ciki, lokacin shayarwa kuma hoton yana rikicewa. Yanzu ki duba rayuwar mace a arewa tsakanin 25 da 40, ƙidayar lafiya ta 2018 ta nuna a arewa maso yamma mace tana haihuwa sama da shida a tsakaice, ma'ana yawancin shekarun nan ko tana da ciki ko tana goyo, daidai shekarun da haɗarin BRCA1 yake tashi da sauri. Sai ki ga an yi hoto ɗaya an tsallake shekara uku. Ni abin da ke bani tsoro kenan, mace ta ce na zaɓi sa ido, amma a zahiri ba wanda yake kallo, ta samu natsuwar da bata da tushe, gashi dama a ƙasar nan mafi yawan mata sai ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu suke isa asibiti. Indai za ki zaɓi wannan hanyar to ki zaɓe ta da sunan cibiyar da za ki dinga zuwa, da watan da za ki dinga zuwa, da inda kuɗin zai fito, in kuma ciki ya shiga ki gaya wa likita ya koma dubawa da hannu da sikanin kafin ki haihu.

Ita kuma tiyatar cire nono biyu tana rage haɗarin da kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari. Ba ɗari bane dan ba'a iya kwashe kowace tsoka, amma daga 70 kin sauko ƙasa da na matan da basu gaji komai ba, kuma kin huta da MRI na shekara-shekara. Aiki ɗaya ne babba, kuɗi ɗaya ne babba. Sai dai ba'a dawo da shi. Ba shayarwa har abada, fatar wajen yawanci bata jin taɓi kamar da ko da an bar kan nonon, in kuma za'a sake gina shi da roba ko da naman jikinki to wannan wani aikin ne daban da wani kuɗin, sau dayawa sai an koma ɗakin tiyata fiye da sau ɗaya, kuma likitocin da suka ƙware a wannan basu da yawa a nan. Ga maganar aure wacce ba zan yi kamar bata nan ba. Mace lafiyarta ƙalau ta ce za'a cire mata nono, me miji zai ce, me uwar miji za ta ce, in akwai kishiya fa, in budurwa ce fa wa zata gaya wa kuma yaushe. Duk wanda ya ce miki ai rai ya fi nono gaskiya ya faɗa amma ba shi zai zauna a gidan ba, dan haka ban yarda a raina wannan damuwar ba, ta cancanci a zauna da mijin a gaban likita ya ji lissafin da kunnensa.

To wanne ya fi tsawaita rai? Wani bincike daga Holan a 2019 ya ba da amsa mai amfani, ga masu BRCA1 wanda suka cire sun fi wanda ake sa wa ido tsira, ga masu BRCA2 kuwa kusan ɗaya ne. Dalili a bayyane yake, ciwon BRCA2 galibi mai jin maganin homon ne kuma baya gudu kamar na BRCA1. Shiyasa ni a ganina mai BRCA2 da take da halin MRI na gaskiya tana da hujja mai ƙarfi ta zauna da jikinta. Mai BRCA1 kuma, musamman in ƴan uwanta tun suna talatin da wani abu ciwon ya kama su, kuma ta san a ranta MRI duk shekara ba zai yiwu ba, kuma ta gama shayarwa, to ta ɗauki maganar tiyata da gaske kar ta ture ta dan tsoro. Shekaru ma suna canza lissafin, wacce ta kai 60 bata samu ba ta riga ta wuce kaso mai yawa na haɗarin, ribar tiyata a wajenta bata kai ta ƴar 32 ba.

Akwai hanya ta tsakiya, ƙwayar tamoxifen ta shekara biyar, wacce a wani babban gwaji na 1998 ta rage kansar nono da kusan rabi ga mata masu haɗari sosai. Amma irin mai jin homon take hanawa, dan haka mai BRCA2 ta fi amfana, kuma tana iya kawo daskarewar jini da matsalar bangon mahaifa, ba'a kuma shanta ana neman ciki. Ƙari ce akan sa ido, bata maye gurbinsa. Shayarwa ma tana da nata, an ga masu BRCA1 da suka shayar shekara ɗaya ko fiye haɗarinsu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, wannan kam Alhamdulillah al'adarmu ce dama, amma rage 72 da kashi ɗaya cikin uku har yanzu ya bar adadi babba.

Yanzu ma'ajiyar ƙwai, inda gaskiya ba wani zaɓi biyu masu ƙarfi ɗaya. Babu gwajin da aka tabbatar yana kama wannan kansar da wuri har ya ceci rai. Ana yin gwajin jini na CA-125 ana yin sikanin ta gaba, amma a Birtaniya an bi mata sama da dubu 200 shekara da shekaru, sakamakon ya fito a 2021, mutuwa bata ragu ba. Ciwon yawanci daga bakin bututun ƙwai yake farawa ya watsu cikin ciki tun yana ƙarami, alamunsa kuma kumburin ciki ne da saurin ƙoshi da ciwon mara, abubuwan da kowa zai ce olsa ce ko sanyi. Shiyasa shawarar likitoci anan kai tsaye take, a cire ma'ajiyar ƙwai biyun da bututunsu bayan an gama haihuwa, mai BRCA1 tsakanin 35 da 40, mai BRCA2 tana iya jinkirtawa zuwa 40 da 45 tunda nata baya zuwa da wuri. Yana rage haɗarin da kusan kashi 80 ko fiye, kuma wani babban bincike a 2014 ya nuna mutuwa ta kowane dalili kafin shekara 70 ta ragu da kashi 77 cikin ɗari ga wanda suka yi. Babu wani mataki a duk wannan maganar da yake da hujja irin wannan. Aikin kansa ma ya fi na nono sauƙi nesa ba kusa ba, inda ake da kayan aiki ta ƴan ƙananan ƙofofi ake yi a ciki, ba wanda zai kalle ki ya gane.

Farashinsa shi ne al'ada zata ɗauke nan take, ba a hankali ba, da zafin jiki mai tasowa, da rashin bacci, da bushewar gaba, da raguwar sha'awa ga wasu, ga raunin ƙashi da haɗarin zuciya nan gaba. Wacce bata taɓa yin kansar nono ba ana iya bata maganin homon har zuwa wajen shekara 50 kuma yana taimakawa sosai, ki tambaya tun kafin aikin ba bayansa ba. Babban ƙalubalen a wajenmu dai kalmar nan ce ta an gama haihuwa, dan a gidaje dayawa ba'a gamawa sai ta tsaya da kanta. Anan matanmu suna da wani sauƙi da baturiya bata da shi, wacce ta yi aure da wuri zuwa 35 ta riga ta tara ƴaƴa, ita kuma waccan lokacin take neman na fari. Amma dole a yi maganar da miji tun da sauran lokaci, a tsara, kar a kai 44 ana cewa bari a ƙara ɗaya. Cire bututun kaɗai a bar ma'ajiyar zuwa gaba ana kan gwada shi a ƙasashe da dama, bai zama abin dogaro ba tukunna. Ƙwayar tazarar haihuwa kuma tana rage wannan kansar da kusan rabi, tana iya ɗan ƙara ta nono, sai a auna da likita. Wacce kuma take jin kamar yin haka gudun ƙaddara ne, ta tuna da Sayyidina Umar lokacin annobar Sham da ya juya da jama'a ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah, ta kuma tambayi malamin da ta yarda da iliminsa tare da bayanin likita a hannu.

Duk wannan da na faɗa ya rataya ne akan gwajin ya zama sahihi, kuma anan ake yin ɓarna. Kar a cire miki komai saboda tarihin gida kawai ba tare da an zauna da ƙwararre ba, kuma kar a cire saboda sakamakon kwalin yawu da aka siyo a intanet. Na kamfanin 23andMe da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018, a lokacin nau'i uku kawai yake dubawa cikin sama da dubu, ukun kuma na Yahudawan Ashkenazi ne wanda a cikinsu mutum ɗaya cikin 40 yake ɗauke da shi, to Bahaushiya ta yi ya ce babu, bai gaya mata komai ba. Gwajin asibiti shi ke karanta ƙwayar gaba ɗayanta, kuma galibi daga nan waje ake tura jinin ko yawun, ki fara ta sashen kansa ko na tiyata a asibitin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika su nuna miki hanya. In akwai mai ciwon a raye a gidan ita ya kamata a fara gwadawa, in aka samu takamaiman matsalar a jikinta sai a nemi ita ɗin kaɗai a jikin sauran, ya fi arha ya fi tabbas, ita ma kuma ta amfana dan akwai magani irin olaparib da aka yi shi musamman saboda masu BRCA. Wani lokacin sakamako yana dawowa da VUS, wato an ga wani canji amma ba'a san ko yana cutarwa ba, wannan ya fi yawa a jinin ƴan Afirka saboda ba'a nazarce mu sosai ba, kuma ba hujjar tiyata bane, yawancinsu daga baya ana gano basu da illa.

In naki ya tabbata to yayyenki da ƙannenki kowanne rabi da rabi ne, har mazan. Namiji mai BRCA2 yana da haɗarin kansar mafitsara ta maza wato furostet mai tsanani, da ta nono kusan 7 cikin 100, kuma ana so ya fara gwajin PSA, wato gwajin jini na duba furostet, daga shekara 40. Na san tsoron kar a ce gidan masu kansa ne ƴaƴa mata su rasa manema, shiyasa ba sai an yi shela a taron suna ba, a kira su ɗaya bayan ɗaya a basu kwafin takardar su kai wa likitansu. Yara ƙanana kuma a ƙyale su, ba abin da ake yi wa ƴar shekara goma ko da tana ɗauke da shi, sai ta kai 18 ko sama ta yanke da kanta, indai dai an yi kafin 25 da za'a fara MRI.